Banɗakin da Abu Gassan Ya Juya

Allah Ya ba mu, Allah Ya karɓi abinSa. Da hantsin Talata, sha biyu ga Sha'aban, mai gidan da muke haya a Irbid ta ƙasar Jodan, Alhaji Fawwaz Abu Gassan, ya amsa kiran Ubangijinsa. Ranar da ake sako wa unguwarmu ruwa ce. Tankuna suna ta cika a saman bene, kai kuwa Abu Gassan ba ka tsaye a kansu kana faɗa.

Faɗa kam ka iya shi, Abu Gassan. Ba ka miƙa wa ɗan haya makulli sai ka murɗa kowane famfo, ka ja ruwan masai, ka durƙusa ka shafa ƙarƙashin bututu ko yana yoyo. Mukan yi maka dariya a bayan ido, mu ce banɗaki kake fara gaisarwa kafin mutanen gida. Amma ɗan hayarka bai taɓa ɗaukar bokiti zuwa maƙwabta ba.

Ba zan manta shekarar da gwiwoyin mahaifiyata, Ummu Rasmi, suka ƙi tsuguno ba. Yayana Rasmi ya ce zai ɗauke ta zuwa gidansa a garin Zarƙa, ta bar ɗakin da mahaifinmu, Abu Rasmi, ya cika a ciki da maƙwabtan da take shan gahawa da su. Abinci ma ya fita daga ranta. Kana jin labari ka zo da mai gyaran famfo, aka cire masai na tsuguno aka kafa na zama. Ta leƙa, ta dubi taga, ta ja ƙofa. Ashe yadda bututun ya zo, duk wanda ya zauna alƙibla zai fuskanta.

Mai gyaran ya ce ai malamai sun yi sauƙi idan cikin gini ne. Ta ce ta ji, amma ita zuciyarta ba za ta ɗauka ba, a kira Rasmi kawai.

Ka ce, "Haba Hajiya, ki bar gidana a kan masai? Da wane ido zan dubi Abu Rasmi gobe ƙiyama?" Ka juya wurin mai gyaran ka ce, "Fasa daɓen."

Ya ce yanzu ba a samun irin wannan tayil ɗin. Ka ce ba tayil ne ɗan hayarka ba. Aka fasa, aka karkatar da bututu, masai ya koma kallon gabas, don a nan Irbid alƙibla a kudu take. Har yau daɓen banɗakinmu kala biyu ne, kana raye kullum ka gani sai ka yi tsaki. Mahaifiyata kuwa tana nan a ɗakinta.

Jiya ta dogara sanda ta je gaisuwa wurin matarka, Ummu Gassan. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannunta ta ce, "Ya kautar da ni daga alƙibla inda bai kamata in fuskance ta ba. Yau ga shi an kwantar da shi yana kallonta. Ni hankalina kwance yake."

Nawa ma haka, duk da kewarka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya ba Ummu Gassan da 'ya'yanka haƙuri. Kamar yadda ba ka bar mu da ƙishin ruwa ba, Allah Ya shayar da kai daga Alkausara.