Jamusancin da Almakashina Ya Bari

Shekarun baya, ina koyar da Jamusanci a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Madina. Jamusancin a jami'a na karanta shi, ban taɓa zaton zai ciyar da ni a ƙasar Larabawa ba. Darasin na ganin dama ne, kuma yara sai zamewa suke yi. Mun fara da cikakken aji, kafin rabin zango yaran sun koma goma sha ɗaya. Mudir, wato shugaban makarantar, ya kira ni ya ce, "Ya ustaz, idan suka ƙara raguwa, halas, shi ke nan, zan rufe ajin." Iƙamata kuwa, takardar zamana da ta iyalina, a kan aikin nan take rataye.

Sai na ce bari in gwada fim. Mudir ya yarda, da sharaɗi: duk abin da zai sa wani uba ya bugo masa waya, in cire shi.

Ni kuwa da tsoro ya riga ya cika ciki, na zauna na hau yanke-yanken fim ɗin. Inda mace ta fito, na cire. Inda aka ɗaga kofi, ko da ruwa ne, na cire. Kiɗa ya tashi, na cire. Fim ɗin awa ɗaya da rabi ya dawo minti ashirin. Abin da ya tsira kawai wani tsoho ne da karensa, suna yawo a bakin kogi, yana ba shi umarni.

Wallahi yaran suka so shi. Sau tara muka kalla, har na tsani karen nan. Suka haddace kowace kalma, babu wanda ya ƙara guduwa. Ni ko a gajiye nake, amma ina ta hura hanci.

Ana haka aka turo mai duba malamai, wani dattijo da ya yi karatu a Jamus. Na zaɓi ɗalibina mafi ƙwazo, ɗan wasu mutanen Cadi, irin yaran nan da za ka yi wa Hausa su amsa da Larabci. Na raɗa masa, "Tashi ka ba baƙo wurin zama, da Jamusanci."

Yaro ya jawo kujera cikin ladabi. Sannan ya kaɗa yatsu, ya nuna ƙasa, ya daka wa dattijon tsawa ya zauna, da muryar tsohon nan na fim sak. Da baƙon ya zauna, sai ya ƙara masa da yabon da ake yi wa kare in ya ji magana.

Innalillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon bai yi fushi ba. Da ya ji inda yaron ya koyo, ya ce a kunna masa fim ɗin, ya kalla har ƙarshe, sannan ya tambaye ni a hankali, "Ya ustaz, ina mutanen suke?"

Ƙarshen zango aka rufe ajin. Aka mai da ni ɗakin karatu ina jera littattafai, iƙama ta tsira da kyar.

Har yau abin yana min ciwo, kuma ba na ɗora wa mudir laifi, shi bai ce in kai nan ba. Tsoron rasa aiki ne ya riƙe min almakashin. Yara goma sha ɗaya suka ba ni zango guda na rayuwarsu, ban nuna musu ko sau ɗaya yadda Bajamushe yake gaida ɗan'uwansa ba.