Dosiyen da Malam Tanimu Bai Buɗe Ba

A jami'ar da Malam Tanimu yake aiki, a nan Damagaram, babu ɗalibin ilimin muhalli da bai san tagarsa ba. Taga ce mai ƙarafa a jikin biron rajista, ofishin da ke ajiye takardun ɗalibai, bakinta ya yi santsi saboda gwiwar hannun masu jingina. Shekara goma sha biyu yana bayanta. Shi ba malamin aji ba ne, karatunsa ma bai wuce kwaleji ba, amma dokokin samun lisans, wato digirin farko, suna kansa kamar Fatiha. Shekara uku, zango shida, kowane zango kiredi talatin, wato makin da ake tarawa in an ci darasi. Ɗari da tamanin cif, ko ɗaya ya ɓace babu takarda. An yarda ɗalibi ya maimaita shekara sau ɗaya, ba a yarda da na biyu ba.

Yana da wata al'ada da ba wanda ya ɗora masa. Da an shiga sabuwar shekara sai ya tara dosiyen 'yan ajin ƙarshe gaba ɗaya, wato fayil ɗin makin kowa, ya fere jan fensirinsa, ya bi su layi-layi. Duk wanda ya ga giɓi a nasa, sai ya leƙo ta taga ya kira shi da cikakken suna. Ɗalibai suka sa wa kiran nan suna sammaci.

"Sulaiman Abba, ilimin ƙasar da ka bari a zango na uku, gado ka bar wa wa?"

Sai a kwashe da dariya, mai laifi ya matso yana sosa ƙeya, Malam Tanimu ya nuna masa inda zai rubuta suna da ranar da za a rufe. Da yawa sun fita da takardarsu albarkacin fensirin nan. Har ta zama magana a bakin ɗalibai cewa wanda bai samu sammaci ba ya yi barcinsa da minshari, dosiyensa lafiya lau.

Malam Tanimu mutumin Hamdara ne, kuma yana da 'yar fari, Rahama. Tun da aka yaye ta mahaifiyarsa, Inna Kellu, ta goya ta zuwa ƙauye kamar yadda aka saba, can ta girma. Bai taɓa kiran sunanta ba. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In zai ambace ta sai ya ce "ta Hamdara". Ko da ta dawo birni don karatun lise, babbar sakandare, ta zauna a gidansa, da safe takan durƙusa ta ce, "Ina kwana, Baba," ya amsa yana murɗa rediyo. Ba rashin so ba ne. In ya ga atamfa mai kyau a kasuwa yakan sayo ya miƙa wa matarsa Maryam ya ce a ba waccan. Ranar da ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a, ya fita bakin ƙofa ya daɗe a tsaye, don kada a ga fuskarsa.

Gawo ne ya kai ta ilimin muhalli. A gonar kakarta ta tashi tana ganin yadda tsohuwar ke hana a sare 'yan gawon da suka tsiro da kansu, tana rage musu rassa, tana cewa geron da ke gindinsu ya fi cika zangarniya. Rahama ta so ta san dalili. Da ta zaɓi sashen da tagar ubanta take, sai Malam Tanimu ya ƙara sunkuyar da kai in ta zo wucewa. Ita ma takan ja mayafi ta bi ta bayan ginin.

Shekarar farko ta ba ta wuya, ta maimaita. Daga nan ta miƙe, makinta ya yi ta hawa. A shekara ta biyu, bayan an cire amfanin gona, aka yi fitar daji, kwana goma ɗalibai suna auna rijiyoyi da ƙasar noma a ƙauyuka. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kiredi uku gare ta. Ana jibi za a tafi Inna Kellu ta faɗi a bakin rumbu ta karye a ƙugu, Rahama ta tafi jinya. Da ta dawo ƙawayenta suka kwantar mata da hankali, suka ce ai makin sauran darussa yana cike giɓin wanda aka rasa, ita kuwa nata ya yi yawa. Haka ne a kan kowane darasi, ban da fitar daji. Wanda ya rasa ta sai ya rubuta suna a watan farko na shekarar ƙarshe ya bi 'yan baya. Mutum ɗaya ne ya saba faɗa wa ɗalibai wannan, ta taga.

Da shekarar ƙarshe ta zo, Malam Tanimu ya tara dosiye ya fere fensiri. Ya bi ashirin da wani abu, sai hannunsa ya faɗa kan nata. Ya ga hoton a bango, ya ji nauyi ya kama shi. Yaya zai zauna yana bin makin 'yar farinsa layi-layi a gaban abokan aiki? In ya sami giɓi, da wane baki zai kira ta? In kuma bai samu ba, wani ya ce uba ne ya duba. Ya ɗauka bai buɗe ba, ya ajiye a teburin Kassim, abokin aikinsa, ya ce a taƙaice, "Duba wannan."

Kassim ya karanta sunan ya yi murmushi. A ransa ya ce 'yar Malam Tanimu, wa zai duba ta bayan ubanta? Ya ɗauka dattijon ya riga ya gama a gida, kara ce kawai yake yi. Ya jefa shi cikin na masu lafiya.

Rahama kuwa ta yi ta jiran sammaci, don a ƙasan ranta ba ta gama yarda da maganar ƙawaye ba. 'Yan ajinsu suna tsokanarta wai ita nata sammacin tare da tuwo ake kai mata. Wata ya ƙare ba a kira ta ba, a gida ma ba a ce komai ba. Ta ce alhamdu lillahi. Motar fitar daji ta tashi a gabanta tana ɗaga wa 'yan baya hannu.

Ta yi rubutun kammala karatunta a kan gawon Hamdara. Gona arba'in ta taka da ƙafarta, ta ƙirga itatuwa, ta auna geron gindi da na fili. Malamin da ya duba mata ya ce a kafe ranar da za ta kare shi gaban malamai. Inna Kellu ta sa aka ɗora ta a motar kasuwa da sandarta da ƙullin gyaɗa, ta iso saura mako guda, ta ce ko ba ta jin Faransanci za ta ji sunan gonarta.

A safiyar Litinin aka ce a kawo sunayen masu karewa, kowanne da sa hannun Malam Tanimu. Nan babu miƙa wa wani. Ya buɗe dosiyen Rahama. Idonsa da ya saba ya tafi kai tsaye kan layin da babu komai. Ya haɗa, ɗari da saba'in da bakwai. Ya sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama. Ya cire tabarau ya goge ya sake. Fitar daji ta wuce da wata biyar, kuma Rahama ta riga ta cinye maimaicinta.

Kassim da ya gane abin da ya faru, ya zauna a kan kujera. Ya rantse ya ɗauka an duba. Can ya rage murya ya ce malamin da ya jagoranci fitar waccan shekara ya bar ƙasar, sunayen kuma da hannu aka rubuta, akwai wurin da za a ƙara nata a ƙasan takardar.

Malam Tanimu ya daɗe yana kallon wurin. Shekara biyu da suka wuce wani yaro daga Damagaram Takaya ya tsaya a tagar nan yana kuka a kan kiredi biyu, shi kuma ya ce masa doka ce, ɗana. "Wancan ma yana da uba," ya ce wa Kassim, ya rufe takardar.

Ya rubuta wa majalisar sashe takardar roƙo, irin wadda ya sha rubuta wa 'ya'yan mutane. Ya rubuta cewa laifin nasa ne. Suka zauna ranar Laraba, suka tausaya masa, suka karanta masa dokar da shi ya fi su sani.

Yana iya aika Maryam ta faɗa mata. Bai yi ba. Washegari da hantsi ya hango ta ta fito daga ɗakin karatu da kwafin rubutunta a ƙirji, za ta zagaya ta bayan gini. Ya leƙo ta taga.

"Rahama Tanimu."

Ba ta juyo nan take ba, don ba ta san sunan da muryar nan ba. Ɗaliban da ke wurin suka fara murmushin sammaci, sai suka ga fuskarsa suka watse. Ta matso ta tsaya idonta a ƙasa. Ya juya mata dosiyen, ya sa bakin fensiri a kan layin, ya yi mata bayani kamar yadda yake yi wa kowa, har ƙarshe, muryarsa ba ta tsaya ba sai sau ɗaya.

"Baba, ai ba ka kira ni ba," ta ce.

"Ban buɗe ba."

Ta shafa bangon rubutunta da ɗan yatsa. Sannan ta ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta ajiye kwafin a bakin taga, don dama biro za ta kawo shi, ta tafi.

Da ya koma gida da la'asar ya tarar da Inna Kellu a tabarma, ƙullin gyaɗar a gefenta ba a kwance ba. Ta bar shi ya gama gaisuwa.

"Inuwar giginya," ta ce, "na nesa ka sha."

Bai taɓa mayar mata da magana ba. Ranar ya ce a hankali, "Inna, a wurinki na koya."

"Na ce kada ka kira sunanta. Yaushe na ce kada ka duba ta?"

Ranar Juma'a suka koma Hamdara tare, jika tana riƙe da sandar kaka. Rahama tana can har yanzu. Da masu aikin farfaɗo da itatuwa suka zo ƙauyen neman mai lisans, Sulaiman Abba suka ɗauka, ita ce take zagawa da shi gonaki tana nuna masa gawon da ta ƙirga.

Malam Tanimu yana nan a tagarsa, saura shekara biyu ya huta. Ba ya ƙara miƙa wa kowa dosiye. Rubutun yana cikin aljihun teburinsa, ya karanta shi har bangon ya lanƙwashe. A shafin godiya ta ambaci kakarta da manoman Hamdara, can ƙasa kuma ta gode wa ma'aikatan biron rajista, ba ta faɗi sunan kowa ba. Maryam ta ce yanzu in ya dawo aiki, kafin ya cire takalmi, yakan tambaya ko Rahama ta kira. Wani lokaci ta kira, ta ce a gaida Baba.