Sunan da Dakta Ya Laƙaba wa Mijina

Har yau in na ji Bahaushe yana taunar Turanci don a yi wa wani dariya, sai in ji raina ya ɓaci. Abin ya faro tun muna Madina, a unguwar Sih, lokacin babbar 'yata tana firamare.

Mijina injiniyan ruwa ne, kuma ni ma na sani yana da nasa halin. A Madina ba a jefa burodi a shara, ɗaure ragowar ake yi a leda a rataye a bango. Shi kuwa bayan sallar asuba sai ya bi layi yana tattarawa, ya jiƙa, ya kai wa tantabaru a wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya. Har hira yake musu. 'Yarmu ke riƙe masa bakin buhu, kuma a duniya babu abin da take so kamar wannan fitar. Takan dawo tana ba ni labarin wacce ta sauka a kafaɗar Baba.

Duk Alhamis mu 'yan Najeriya mukan haɗu a wani gidan shaƙatawa a Jurf, maza a gefe, mata a bayan labule, yara suna kai da kawo. A cikin mazan akwai wani malamin jami'a, Dakta muke ce masa, da ya yi karatu a Ingila, bai kuma taɓa barinmu mun manta ba. Wata rana ana shan shayi na jiyo muryarsa.

"Turawa suna da sunaye birjik na irin su Injiniya. Akwai luni, daga tsohon sunan wata, don sun ɗauka wata ne ke juya kan mutum. Akwai nati, wai kai suke kwatantawa da ɗan itace mai ɓawo. Amma namu kirank ne. Kun tuna lanƙwasasshen ƙarfen nan na tayar da tsohuwar mota? To haka mutumin yake, a lanƙwashe, kullum juyi wuri ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Manyan likitoci, masu furfura! Na leƙa ta labule, na ga mijina ma ya yi ɗan murmushinsa, ya ci gaba da zuba musu shayi.

Yaran da sai ka yi da gaske kafin su amsa maka da Hausa, nan take suka haddace kalmar. Kafin mu tashi, 'yata ta koma bintil kirank, wato 'yar kirank.

Na tare malamin a bakin ƙofa. "Dakta, ka ji tsoron Allah. A gaban 'yarsa?"

"Haba Hajiya, wasa ne, kuma ilimi ne. In kin duba asalin kalmar, ai ba zagi ba ce."

Ina ruwana da asalinta? Mutum ya ƙetare teku ya yi shekaru yana karatu, abin da ya kawo mana tsaraba ke nan, sunan da za a jefi mai ciyar da tsuntsu.

Da asubar Asabar mijina ya ɗauko buhu ya kira 'yarmu. Ta tsaya a ƙofar ɗaki, kanta a ƙasa.

"Ma abga, Baba. Aib." Ba ta so, wai abin kunya ne. Sai ta ƙara da Hausa, don kada ya ce bai gane ba: "Kai ma ka daina."

Bai yi faɗa ba, ni dai da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ninke buhun ya ɗora a kan firji. Na yi ta ganin ledojin burodi suna bushewa a bangon layinmu.

Alhamis ta zagayo, Dakta ya tarbe mu da fara'a. "Injiniya, ya tantabaru?"

"Na daina," in ji mijina.

Na juya na dubi 'yata. Murmushi take yi, hankalinta ya kwanta. Wannan murmushin ne har yau ban yafe wa Dakta ba.