Wayar da Ban Juya Ba

Shekara huɗu ina riƙe da jitar bes, mai kaurin sautin nan, a ƙungiyar mawaƙan cocinmu da ke Makera, kuma ban taɓa jin wani ya ce “kai, bes ɗin nan!” ba. Ban damu ba. Na ɗauka mai bes kamar gishiri ne a miya, sai babu shi ake tunawa da shi. Aikin lantarki nake yi a masaƙa a Kakuri, ranar Asabar da la'asar in saɓa jitata in tafi gwaji. Amfilifayar cocin ma, na'urar ƙara sauti, ni nake gyara ta, shi ya sa har fasto yake ce mini Injiniya, ni kuwa in amsa ba kunya ba tsoron Allah.

Sai ga wani mutumin Filato ya samu aikin koyarwa a unguwarmu, Malam muke ce masa, ya shigo ƙungiya da wani abin kiɗa da ya fi shi tsayi. Bes ne na katako, mai ciki kamar randa da tsirkiya huɗu masu kauri. A ƙasa ake tsayar da shi, a rungume shi, a ja tsirkiyar da yatsa. Matan zumunta na ganinsa suka sa masa suna uwar goge. Na yi dariya tare da kowa, har na fi kowa.

Dariyar ba ta kai ni ko'ina ba. Malam ya ja tsirkiya sau uku, coci ya yi tsit. A hanyar gida matata ta ce, “Kai, wannan har cikin ƙirji ake jin sa.” Shekara huɗu tana zaune a benci na biyu, ƙirjinta bai taɓa jin nawa ba. Na ci tuwo ranar kamar ina cin ƙasa. Kishi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin ba shi da abin ƙi. Da mai girman kai ne da na samu wurin kamawa, amma kullum shi ke fara gaishe ni, har da ɗan rusunawa.

Lagonsa ɗaya ne: da zarar ganguna sun shigo, uwar goge ta ɓace, sai dai ka ga yatsun Malam suna motsi. Ga bikin godiyar kaka ya matso, a fili za a yi, da baƙi daga Kakau da Kudenda. Ramin soka waya ɗaya ya rage a amfilifaya. Shugaban mawaƙa ya ce ba a sarki biyu zamani ɗaya: in an samu yadda za a ji uwar goge ta lasifika, Malam ne zai kaɗa, in ba a samu ba, ni ne.

Bayan mako guda Malam ya zo ɗakina a ranar hutuna, shi da maƙwabcinsa suna ɗauke da abin kamar mara lafiya. Ya kwance hankici ya nuna mini fikof biyu, wato ƴan faya-fayen da ake mannawa a jikin abin kiɗa su kai wa amfilifaya sautinsa. Kowanne bai fi kwabo faɗi ba.

Ya ce, “Injiniya, abeg, ka taimake ni. Ni alli na sani, ban san waya ba.”

Muka manna ɗaya a ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, muka gwada. Kowane bugu ya fito tar, amma ba nauyi. Muka manna ɗayan a cikin randar, sai gurnani mai daɗi, amma ba ka rabe wannan bugu da wancan. Kowa ya ji ya san maganin: a haɗa su su shiga rami ɗaya. Na ɗora ƙarfen liƙi ya yi zafi, na haɗa wayoyin da dalma, ja da ja, baƙa da baƙa, tsakani da Allah.

Malam ya ja tsirkiya. Abin da ya fito daga lasifika siriri ne, kamar an toshe wa mutum hanci. Nauyin duk ya tafi.

Kafin sautin ya mutu na gane dalili. Katakon sama da cikin randa ba tare suke motsi ba, sai ya zama fikof ɗaya yana turawa ɗayan yana ja, suna cinye juna. Na sha ganin haka a lasifika biyu da aka haɗa a karkace. Gyaran bai fi minti biyu ba: a juya wayoyin guda ɗaya, ja ta koma wurin baƙa. Ƙarfen yana hannuna, da zafinsa.

Na ajiye shi. Na ƙwanƙwasa cikin randar, na karkata kai kamar likita, na ce, “Malam, katakon nan ya tsufa. Ba ya karɓar biyu.”

“To guda ɗaya fa?”

“Ka ji da kunnenka. A fili, da ganguna? Sai dai a yi maka dariya.”

Ya daɗe yana shafa wuyan abin. Sannan ya ce, “Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya saka.” Na ce amin, da bakin nan nawa. Har na kama musu suka fitar da uwar goge ta ƙofa.

Ranar biki na sa sabuwar riga. Fili ya cika, an jera doya da dawa da kaji a gaban rumfa. Muka shiga waƙa ta farko lafiya. A ta biyu sai bes ɗina ya fara ɗaukewa yana dawowa, ramin amfilifaya ya saki, kan waya yana rawa a ciki. Hannuwana biyu suna kan jita, ba damar sakin ko ɗaya. Shugaban mawaƙa ya waiwayo ya zare mini ido, gumi ya karyo mini. Ga Injiniya guda, kayansa za su kunyata shi a gaban mutanen Kakau.

Sai na ji sauti ya dawo ya zauna daram. Na waiga. Malam ne ya fito daga layin masu waƙa, ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa, ya danne kan wayar da yatsa biyu. Ya ɗago ya yi mini alama da kai in ci gaba.

Waƙa bakwai muka yi bayan wannan, rana tana dukan ƙeyarsa, bai saki ba. Ina jin sa a bayana yana bin bugun da murya ƙasa-ƙasa, inda na yi kuskure ma ya bi ni a haka. Na samu abin da nake so, kuma ban taɓa ƙin jin kiɗana kamar ranar ba.

Da aka tashi ya miƙe da ƙyar yana murza gwiwa. Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, wallahi na buɗe. Ya riga ni.

“Injiniya, ramin nan yana son gyara. Amma kai ka san abinka.”

Na ce masa zan duba.