Gwiwar Yayana Ɗan Kokowa

Ina aji biyu a lakwal ɗin kine, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, sa'adda anka ba mu ɗan hutu bayan kaka. Na baro Yamai kaina ya kumbura. Mun yi jarabawar gwajin gwiwa, na cinye ta ɗanya, har purof, malaminmu, yac ce hannuna na da ido. Tun daga tasha har Konni yatsuna ba su huta ba bisa waya, ina ta zuba ma ƴan gurup ɗin ajinmu shaƙiyanci: duk mai gwiwa ya kawo, dokta ya iso gari. Daga Konni nih hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu, can wajen Bazaga, ina waƙa bayan mai babur kamar wanda anka ba sarauta.

Tun bakin zaure waƙar tam mutu. Yayana, ɗan farin Inna, ɗan kokowa ne, kuma saura kaɗan a yi zaɓe a filin Konni na waɗanda za su tahi babbar gasa a Tawa. Shina zaune bisa tabarma, wanzami ya kahwa mashi ƙaho bisa gwiwar dama, wai a hidda mataccen jini. Gwiwar ta yi kamar ƙwaryar hura. Abokainai sun zagaye shi suna shan shayi.

Nic ce, "Yaya, mi yas same ka?"

"Ɗan targaɗe ne. Ina ka baro gaisuwa, ko lakwal ɗinku ba a koya ta?"

Nig gaishe shi. Wani abokinai, dogo mai bakin tsiya, shi yab ba ni labari. Wajen horo ne, ƙahwa ta kahe cikin rairayi, jiki ya juya ya bar ta. Kowa ya ji ƙas. Kahin a kawo ruwa gwiwa ta cika.

Wanga labari shi ne darasinmu, ba ragi ba ƙari. Cikin gwiwa akwai wata jijiya da tag gicciye, ita ka hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. In ta tsinke mutum na iya tahiya, har ma ya yi ɗan gudu miƙe. Amma ya kahe ƙahwa ya murɗa, ga ƙato rataye a wuyanai, to sauran abin kirkin da yar rage cikin gwiwar ma ya tahi. Na ga irinsu wajen staj, asibitin da muke koyon aiki, samari da sanda.

Na bari kumburi ya ɗan sauka sannan nir roƙe shi in gwada. Ya yarda ne don abokainai su samu abin dariya.

Yac ce, "Ku matsa, yaro zai yi wasan likita."

Gwajin da muke ce ma tiruwar, kamar jan aljihun tebur yake. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwa, tahin ƙahwa a ƙasa. Ka danne ƙahwar, ka zagaye ƙwauri da hannu biyu ƙasan gwiwa, ka jawo wajenka. Mai lahiya za ta ɗan motsa ta tsaya cak. Mai tsinkakkar jijiya za ta biyo ka. Sharaɗin guda ne, mai ƙahwa ya saki jiki.

Ina kai hannu bayan ƙwaurinai, naman cinya yay yi tauri kamar icen ƙirya. Ni shaf na manta. A lakwal junanmu muke gwadawa, yaran da ba su taɓa ɗaga ko buhun gero ba, ka taɓa su su yi laƙwas. Wanga kuwa tun shina yaro aikinai guda, kada wani ya kama mashi ƙahwa. A fili duk wanda yak kai hannu nan, kada ka ƙasa yaz zo yi.

"Saki jiki, Yaya."

"Na saki."

"Wallahi ba ka saki ba."

"To so kake in narke?"

Nic canza dabara. Nim miƙe ƙahwar saura kaɗan, hannu guda bisa cinya, guda bisa ƙwauri, wanda purof yac ce ya hi tiruwar gaskiya. Ban san sa'adda ɗayar ƙahwatai tal laƙo mani diddige ba. Sai ga ni zaune cikin rairayi, waya can, ni nan. Shi kanshi bai yi niyya ba, na gani a huskatai.

Dogon nan yac ce, "Dokta ya sha ƙasa. To ka ji da hannunka, ƙarhe ce."

Abin da yah hi ci mani rai ke nan. Gwajina ya zama shaidarsu. Kahin la'asar gari duk ya ɗauka, ƙanenai mai karatun likita ya duba, gwiwa garau take.

Rezon waya ba ya kamawa sai bisa tudun bayan rumbuna. Can nika tsayawa ina tura bokal, wato saƙon murya, kamar mahaukaci. Ƴan gurup sunka yi ta turo shawara. Sa shi ya ja numfashi. Sa mashi matashi ƙarƙashin gwiwa. Ɗauke mashi hankali da hira. Duk na yi. Na ja shi hirar ƙwallo, na ja shi hirar ƴan mata, shina dariya cinya na nan kamar dutsi. Har barcin rana nil laɓaɓo shi, yas shure ni tun bai buɗe ido ba. Nic ce mu tahi asibitin Konni, yac ce wanda ka shirin shiga fili ba ya zuwa inda ake kwantar da mutane, mugun baki ne. Nis samu Baba, yac ce makaɗa sun riga sun san da zuwanai, namiji ba ya jinyar targaɗe.

Ni kuwa ina gani. Ran nan ya diro daga amalanke da buhun wake, gwiwar tal lotsa ciki kamar ba tashi ba. Yad dahe taya, yaw waiga ya ga ko wani ya gani. Ni kaɗai. Yay yi mani kallon in na yi magana sai na raina kaina. Abinci ya daina shiga mani. Ina da ilimin a kai, ina da hannun, ga gwiwar kusa da ni kullum, kuma ba ni da yadda za ni yi da ita.

Daga ƙarshe nis samu Inna bakin murhu. Na san abin da za ni roƙa babba ne. Inna ba ta kiran sunanai, ba ta kallon idonai, tun da anka yaye shi anka kai ma kaka ba ta sake taɓa jikinai ba. In za ta ba shi hura sai ta aje ta ce, a gaya ma wancan. Shi ma in ta shigo wuri sai ya sunkuyar da kai, duk ƙarhin nan ya bi iska.

"Inna, hannunki kaɗai ne ba zai yi kokowa da shi ba."

"Kai, tashi ka ba ni wuri. Abin da anka koya maka ke nan, rashin kunya?"

Nid durƙusa. Ban san hawaye na zuwa ba sai da nij ji gishiri a baki. Nic ce mata in ya shiga fili da wagga gwiwa, ƙila ko noma ya gagare shi. Tac ci gaba da tuƙin tuwo.

Washegari bayan azahar tak kira ni. Ashe ta zaga bayan rumbu ɗibar wake, ta ga Yaya shina salla a ɓoye, ya kasa zaman tahiya, ƙahwa miƙe gefe guda.

"Kira mani wancan."

Cikin ɗakinta anka yi, ba kowa sai mu uku. Yak kwanta, yar ruhe huska da damtse. Nit tokare mashi tahin ƙahwa da buhun wake, nin nuna mata inda yatsu za su zauna bisa tawa gwiwar, nij ja baya. Tana aza hannu, nig ga cinyar nan da tag gagare ni ta kwanta kamar ƙullu.

"Ta hagu tukuna, Inna, mai lahiya. Jawo wajenki a hankali."

Taj jawo. Ɗan motsi, cak.

"Yanzu ta dama."

Taj jawo, ƙwauri yab biyo ta. Daga inda nike tsaye na ga ƙashin ya turo hwata gaba. Tam mayar, tas sake jawowa, yas sake biyo ta. Na ci jarabawa da wanga gwaji, amma ban taɓa ganin shi bisa gwiwar da tat tsinke da gaske ba sai ran nan, kuma da na so ban gani ba.

Inna tad daɗe hannunta na wurin. Sannan tac ce, ba shi take kallo ba, bango take kallo, "Waccan akuya ce a turke. Wagga igiyar ta tsinke. Ba a shiga fili."

"Inna, makaɗa..."

"Na ce ba a shiga."

Tat tashi tah hita. Bai ɗauke damtse daga huska ba, ni ma ban tsaya jira ba.

Ranar zaɓen mun tahi Konni, amma asibiti. Likita yad duba, yas saurari bayanina, yac ce sai an tahi Yamai an ɗauki hoton cikin gwiwa, ƙila sai aiki. Munka hito munka zauna bisa benci muna jiran mai babur. Iska na kawo kiɗa daga filin kokowa, sama-sama, yatsunai na bin shi bisa benci bai sani ba.

Can yac ce, "Kai dokta. In anka ɗinke ta, ana komawa fili?"

Nic ce wasu na komawa, bayan wata da watanni na gashi da motsa jiki, wasu kuma ba su komawa.

Sannan yam miƙo mani hannu in tada shi.