Ƙuri'ar Kurma

Kwana huɗu 'yata Rukayya ta yi ba ta ce mini komai ba in ban da gaisuwa. Da safe ta rusuna ta gaishe ni, ta ajiye mini shayi, ta rataya jakarta ta tafi makaranta. Ba ta yi tsiwa ba, ba ta ɓata fuska ba, wannan kuwa shi ya fi damuna, don da ta yi tsiwa da na san inda zan kama. A ofis na kasa zama wuri ɗaya, in buɗe fayil in rufe, in fita baranda in dawo, har abokin aikina ya tambaye ni ko basir ne ya motsa. Ƙarya na yi wa yarinyar, ta kama ni, kuma duk a kan waƙa.

Maƙwabcinmu Danladi ne ya jawo. Mutumin Filato ne mai gyaran rediyo da talabijin, ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fara komawa irin tamu. Shi ya buɗe wa 'yan layinmu na unguwar Gesse guruf a waya, wai don maganar kwata da wutar lantarki, amma da yake mayen waƙa ne sai ya ɓullo da gasa. Kowa ya kawo albam ɗin da ya fi so. Kullum sai ya kara biyu, a jefa ƙuri'a, wanda ya faɗi ya fita, wanda ya ci ya jira abokin karawarsa na gaba. Dokarsa ɗaya ce, kada wanda ya jefa ƙuri'a sai ya saurari duka biyun. Layi ya rikice. Dattawa masu furfura suka riƙa kamfen a bakin masallaci, ranar da aka fitar da na mawaƙan cocin matarsa kuwa, a shago Danladi ya ci abincin rana, don ta yi fushi da shi.

Aka yi ta karawa har aka zo ta ƙarshe, sai ga nawa ga na Rukayya. Nawa na wani makaɗin gargajiya ne da muka taso da kaset ɗinsa. Nata na wani yaro ne cikin mawaƙan zamani, wanda ko sunansa ban iya riƙewa ba. Ana gobe za a rufe ƙuri'a ta same ni a tsakar gida.

"Baba, ka saurari nau?"

"Na saurara mana."

"Wacce ta hi maka daɗi?"

"Ta farkon nan," na ce, "mai kiɗan rawa."

Ta ɗan dube ni, ta ce, "To, Baba," ta wuce. Ashe waƙar farko babu kiɗa ko ɗaya a cikinta, murya ce zalla. Ni kuwa tuni na jefa ƙuri'ata. Washegari nawa ya ci da ƙuri'a ɗaya.

A cikin kwanakin nan huɗu babu wanda ya riƙa faɗo mini a rai sai Inna Kulu, mahaifiyar babana, wadda ta rasu tun ina sakandare.

A Gulma na tashi, a gidan da ke dab da fadama. Sana'ar Inna bandar kifi ce. Idan ruwa ya ja baya, tarwaɗa ta yawaita, wutar bandarta ba ta mutuwa, mu kuma jikoki da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye ta. Ba don son tatsuniya kaɗai ba, hayaƙin yana korar sauro, kuma wani lokaci kan kifi yakan ɓalle ya faɗo, wanda ya fi saurin hannu ya ɗauke. Har yau in na ji ƙamshin banda a kasuwa sai na ji kamar idona zai yi ruwa, ban sani ba ko hayaƙin nake tunawa ko ita.

Inna ba ta zama ta ba da labari kamar sauran tsofaffi. A tsaye take yi, tana juya kifi, tana tura itace, ta faɗi jimla biyu ta tafi ta kori akuya ta dawo. Ni kuma a wurinta na gado rashin zama, ga gaggawa, tun ba a kai tsakiya ba nake tambayar ƙarshe. Takan nuna ni da tsinken juya kifi ta ce, "Kai wanga, ƙaya ag ga ɗuwawunka? Zamna!" In za ta fara sai ta ƙwanƙwasa bakin kwano ta ce, "Ga ta nan tahe, wa ka tarbonta?" Mu amsa baki ɗaya, "Mu na, Inna, ta iso!" Duk inda ta kai gaɓa kuma sai ta tsaya ta ce, "Kun jiya?" Mu ce, "Mun jiya." A bakinmu na Kabi haka ake faɗa, in mutum ya ce "na jiya", na ji yake nufi.

Tatsuniyar da ta dawo mini ita ce ta makaɗa biyu. Wai a wani gari na bakin gulbi, kifi ba ya tasowa ranar su, wato ranar da duk gari ke faɗawa ruwa kamun kifi, sai an yi masa kiɗa daga cikin kwale-kwale. Garin yana da tsohon makaɗi wanda shi ya yi wa kowa kiɗan aure da na suna. Sai wani saurayi ya taso, shi ma da gangarsa, ya ce a ba shi kwale-kwalen bana. Gardama ta yi tsanani, Sarkin Ruwa ya ce a kara su. Aka ajiye ƙwarya biyu a dandali, kowane makaɗi da tasa. Kowa zai zo da ƙwallon goruba ya jefa a ƙwaryar wanda ya fi so, amma kafin ya saki sai ya ɗaga murya ya ce "na jiya", don a shaida da kunnensa ya zaɓa.

Saurayi ya fara. Ya yi kiɗa har zufa ta jiƙa masa riga, mutane kuwa suna ta hirarsu, masu ciniki na ciniki. Da tsoho ya miƙe, tun bai ɗaga hannu ba dandali ya ɗauki guɗa da ihu, tsofaffi suka tashi rawa, ba a jin komai sai shewa. Aka shiga jefa goruba. Na jiya, na jiya, na jiya, har ƙwaryar tsoho ta cika ta zube, ta saurayi ko ɗaya babu.

A ƙarshen layi sai ga wata tsohuwa da duk gari ya san ta kurmance shekara da shekaru. Ita ma ta jefa a ƙwaryar tsoho ta ce na jiya. Nan Inna takan ajiye tsinke ta kama ƙugu, ta yi muryar Sarkin Ruwa:

"Ke! Ke da ko tsawa ba ki ji, mi kinka jiya?"

Sai ta ranƙwafa ta yi muryar tsohuwar:

"Ranka shi daɗe, ni ban ce na ji komi ba. Na jiya nic ce. Makaɗin jiya, wanda yay yi man kiɗi ran da anka kai ni ɗaki. Shi nika so."

Jin haka Sarkin Ruwa ya sa aka kawo gangar tsoho. Da aka duba sai ga fatarta a yage, ɓeraye sun cinye ta tun damina. Ashe hannu kawai tsohon yake kaɗawa a iska, babu wanda ya ji komai a duk dandalin. Aka juya neman saurayi, aka tarar ya ɗora gangarsa a kan goran masunta ya bi ruwa ya tafi. Ranar su ta zo, gari ya faɗa ruwa, kifi ko ɗaya bai taso ba.

Ni dai ban gamsu ba. Na ce, "To Inna, wa yac ci?"

"Kai dai wa yac ci, wa yac ci! Tsoho yac ci, gari yak kwana da yunwa. Kan kihi nau, wutsiya taku, ku tashi ku ba ni wuri."

A lokacin, tsohuwar nan kurma ita ce abin dariyarmu. Mun yi kwanaki muna kwaikwayonta, mu ranƙwafa mu riƙe sanda muna "na jiya nic ce", mu fashe da dariya. A tunaninmu ita ce wawiyar labarin. Sai da na yi furfura, ina zarya tsakanin tebur da baranda, na gane ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya a duk garin. Sauran duk makaɗin jiya suka zaɓa kamar yadda ta yi, amma suka rantse da kunnensu suka zaɓa.

Abin kunyar ma, ba na Rukayya kaɗai na ƙi saurare ba. Nawan da nake ta yi wa kamfen, rabon da in ji shi tun da rediyon kaset ɗina ta lalace, kafin a haifi yarinyar. Abin da na jefa wa ƙuri'a shi ne bayan a-kori-kura ranar kasuwar Argungu, ina zaune a kan buhun shinkafa kusa da babana, direba ya ƙure kaset, gwiwoyina ba sa ciwo, duk wanda nake so yana raye. Ban ga laifin son wannan ba har yanzu. Da na ce mata, Rukayya, ban saurara ba, ni ƙuruciyata zan zaɓa, da dariya za ta yi ta ce tsufa ne. Amma na dube ta na ce na saurara. Mawaƙinta bai san da ni ba, faɗuwa a gasar layinmu ba za ta rage shi da komai ba. Tsorona shi ne yarinyar ta daina kawo mini abin da take so, ta riƙa gaishe ni da ladabi har ranar da za ta bar gidan, ban san komai game da ita ba. Wannan tsoron ya hana ni cin abinci sosai.

Ranar Asabar na tafi shagon Danladi na miƙa masa wayata na ce ya zuba mini albam ɗin. Ya sauke tabarau ya kalle ni.

"Alhaji, wannan da ka riga ka kayar? To da wane kunne ka jefa ƙuri'a?"

"Zuba mini dai, Danladi."

"Ni da na sani tun farko, da na soke ƙuri'arka na ci ka tara," ya ce, yana dariya yana zubawa.

Na zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida na sa abin ji a kunne. Waƙa goma sha ɗaya ce. Ta farko ta ba ni mamaki, yaron yana da murya. Ta huɗu ta sa mini ciwon kai. Daga ta bakwai hankalina ya fara yawo, ina ta shirya abin da zan ce mata, in tashi in zauna, amma dai na daure har aka kai ƙarshe.

Na same ta tana guga a baranda bayan la'asar. Na ja tabarma na zauna.

"Rukayya, ran nan ƙarya na yi miki. Ban saurara ba. Yau na saurara."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da guga.

"Ta farko ta yi. Amma ta huɗun nan hayaniya ce kawai."

Ta dire dutsen guga. "Ta huɗu? Haba Baba! Ita kowa ka so!"

Ta shiga yi mini bayani, hannu na tashi, wai ban gane salon ba, wai kunnena ya tsaya a zamanin kaset. Na ce nasu kiɗan inji ne, ta ce namu ma ai mutum ɗaya ne ke ta maimaita magana ɗaya rabin awa. Raina ya yi sanyi, don rabon da ta yi mini magana mai tsawo haka na manta. Can sai ta ɗauki dutsen ta mayar da ido kan hijabin da take gogewa.

"Ta tara hwa?"

Na so in ce ta yi daɗi, na kama bakina. "Gaskiya kafin a kai ta tara na gaji. Ban riƙe komai ba."

"Don ita nis sa shi cikin gasar," ta ce a hankali. "Yaron babanai yaka yi ma godiya, wai kullum shina hita da sahe bisa tsohon mashin don su yi karatu, bai taɓa cewa ya gaji ba. Ni ban iya hwaɗa maka haka da bakina. Na san in nic ce ka saurara ba ka yi, amma na ɗauka dokar Baba Danladi za ta sa ka."

Kunya ta kama ta. Ta zare wayarta daga caji, ta lalubo waƙar, ta ajiye mini a kan tabarma, ta kwashi kayan gugarta ta shige ɗaki da sauri. Na danna. Wannan karon zaune nake, ko motsi ban yi ba, amma ban iya kai ƙarshenta ba.