Mai Auna Kifin da Aka Zubar

Kwana uku ke nan Iyatu na ganin wani matashi a kasuwar kifi ta Makka, tsaye a bayan motar da ke kawo istakoza, ƙaton jatan landen nan mai sulke da manyan otal-otal ke saya. Farar jallabiyarsa ta sha guga, sai tattare ta yake kada ruwan ƙarni ya taɓa ta. Da ganin tafin hannunsa ka san bai taɓa jan raga ba. Hausarsa ta gado ce, tana fita da ƙyar, Larabci na tunkuɗa ta. Wai wani ofishi ne ya turo shi ya gano yawan kifin da raga ke haɗowa da istakoza a zubar.

Wannan tarkacen kifin da ba mai saye, shi Iyatu ke kwasa kullum zuwa unguwar Nakkasa ta ciyar da 'ya'ya biyar.

"Ya khala, tsaya in auna," in ji shi, yana kiran ta inna da Larabci.

Ya rataya ledarta a ɗan sikelinsa yana kau da hanci, ya rubuta.

"Me ka rubuta, ɗana?"

"Kilo huɗu, an mayar teku."

"Tukunyata fa zai shiga."

Ya duba takardar sama da ƙasa. Gida biyu ne kacal, na wanda aka sayar da na wanda aka mayar teku.

"Wallahi khala, ba a yi gidan tukunya ba."

Iyatu ta karɓi ledarta ta ɗora a ka. Shekara goma sha biyu ba ta da iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ba ta cikin takardar kowa. Yau dai an rubuta ta, ashe ita ce tekun.